Sunan Haya a Kan Motar Baba

Shafi na 17

Na ga saƙonninku, musamman ku masu cewa Jolene ta cika jan rai, ta zaɓi ɗaya mana kowa ya huta. To ku gyara zama. Ku kuma da kuka shigo yau, ga inda muke: Jolene Hruska ce ke riƙe da kamfanin gyaran wutar lantarkin da babanta Rudy ya kafa a Manitowoc, ita da ƙanenta Lyle. Kasuwa ta ja baya, hanya biyu ce a gabanta. Ko dai su shiga ƙarƙashin Copper Finch, babban kamfanin nan mai ba da hayar sunansa, su sa rigarsa, su fenta motocinsu da launinsa suna ba shi kaso. Ko kuma ta tsaya a ƙungiyar Gail Petrosky, inda masu ƙananan kamfanoni irinta ke haɗuwa ta bidiyo duk mako ana horar da su, kowa na riƙe da sunansa. A shafin da ya wuce ta yanke shawara: ƙungiyar Gail.

*

Da kwalayen soyayyen kifi a kujerar gefe ta shigo layin, motar duk ta cika da ƙamshi. Tun tana yarinya Juma'a ba ta cika a shagon Hruska sai an baje kifi da dankali a kan bencin aiki, kowa ya sa hannu. Yau ma haka ta tsara. A ci a ƙoshi, ta faɗa wa Baba da Lyle abin da ta yanke, in Trent Aldridge wakilin Copper Finch ya iso ta ba shi haƙuri cikin mutunci ya kama gabansa.

Har murmushi take ita kaɗai, tana hango yadda Baba zai ce, "Da ma na faɗa miki."

Ta karya kwana ta shiga filin shagon.

Wani irin birki ta taka, kwali ɗaya ya zame ya kife a ƙasa.

Wata mota ce tsaye a tsakiyar filin, ruwan ɗorawa shar tun daga sama har ƙasa, an zana mata ƙaton tsuntsu a gefe yana cizon waya. Da farko ta ɗauka ta talla ce Trent ya zo da ita. Sai idonta ya sauka a kan ƙofar baya, inda ta lotsa daga hagu.

Ita ta yi wannan lotsawar, ranar da Baba ke koya mata ribas.

Motar Baba ce. Shuɗiyar motar da ya rubuta HRUSKA a jikinta da hannunsa, ya hana kowa taɓa rubutun ko da ya fara ɓarewa. Yau babu ko harafi ɗaya.

Ko kashe injin ba ta yi ba ta fito. Duane, tsohon ma'aikacinsu, yana jingine da bango hannu cikin aljihu saboda sanyin iskar tafkin da ke gefen garin.

"Duane, me nake gani haka?"

"Abin da na gani da safe har na cire tabarau na goge," ya ce. "Na mayar, ba ta canza ba."

"Wa ya yi wannan?"

Da haɓa ya nuna mata ƙofa. "Suna ciki. Ni dai ba ni a ciki, Jo."

Ta banko ƙofar.

Cak ta tsaya.

Baba na zaune a kan doguwar kujerarsa ta gaban benci, sanye da riga ruwan ɗorawa sabuwa fil, ko karin ninkin leda bai bar jikinta ba. Lyle na gefe yana juya sukudireba a hannu, ya ƙi ɗago kai. Trent kuwa ya ajiye kwalin huluna a kan benci, daidai inda ake baje kifi, haƙoransa duk a waje.

"Ga ta nan!" ya ce yana miƙo hannu. "Jolene, ina taya ku murna."

Ko kallon hannun ba ta yi ba.

"Baba, mene ne wannan a jikinka?"

"Riga ce," ya ce. "Ba ki taɓa ganin riga ba?"

"Kai ne fa ka ce gara ka rufe shagon nan ka koma kamun kifi da ka sa sunan wani ƙato a ƙirjinka. A gabana ka faɗa. A gaban Trent ka faɗa!"

"Na canza shawara. Ko shi ma sai na nemi izinin Madam Shugaba?"

Ta juya wajen ƙanenta. "Lyle?"

Ya ci gaba da juya sukudirebansa.

"Lyle, da kai nake!"

"Baba ya sa hannu ranar Laraba," ya ce can ƙasa. "Ni da shi za mu buɗe reshen Copper Finch na wannan yankin."

"Ni da shi," ta maimaita. "Ni kuma fa?"

Trent ya gyara murya. "Ai babu wanda ya taɓa miki komai. Hruska na nan a hannunki, da sunan, da ofis, da sauran motocin. Mista Hruska dai lasisinsa kawai zai tafi da shi."

Kawai.

Sai da ta dafa benci. Lasisin babban gwani guda ɗaya ne a gidan, kuma sunan Baba ne a kai. Ita ofis ta sani, Lyle kuma bai ci jarrabawar ba tukuna. In lasisin nan ya bar shagon, ko soket ɗaya ba su da ikon taɓawa.

"Ka san me kake faɗa kuwa? Mutanenmu fa? Duane fa, da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a nan? Aikin makarantar da muka karɓa, wa zai ƙarasa shi?"

"Duk wanda ke so ya nemi aiki a wajenmu, za mu duba," in ji Trent.

"Ba da kai nake ba!" Ta matsa gaban mahaifinta. "Baba, me na yi maka? Wata da watanni muna auna maganar nan tare. Yau na zo in ce maka ka yi gaskiya, mun riƙe sunanmu. Kifi ma na sayo. Me ya faru tsakanin Lahadi da Laraba?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta sosai. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Kina so ki ji?"

"Ina so in ji."

Ya gyara zama, ya haɗa hannuwansa a kan gwiwa, ya fara magana a hankali kamar mai karanto abu:

"Babana ya fara mantuwa. A gidan wata tsohuwa ya ce ya kashe wuta alhali bai kashe ba, saura kaɗan ma'aikacinmu ya mutu. Ina neman yadda zan zaunar da shi a gida ba tare da ya gane ba, amma lasisinsa ya zauna a shago."



Babu kalma ɗaya da ya ƙara, babu wadda ya rage. Ita ta faɗa. A cikin mota ta faɗa, ta kulle gilasai, kwamfuta a kan cinyarta, tana kuka a gaban Gail da sauran 'yan ƙungiya, bayan Gail ta ce musu duk abin da aka faɗa a zaman nan, a nan zai mutu.

"A... a ina ka ji wannan?"

"Au, ba ki ce ƙarya ne ba."

"Baba..."

"Na zaci za ki ce ƙarya ne," ya ce. "Duk kwanakin nan ina cewa a raina, in na faɗa mata za ta ce ƙarya ne, ko da da muryarta na ji."

"Da muryata?"

"Da muryarki. Har jan hancinki."

Lyle ya wurgar da sukudireban a kan benci. "Baƙi, Jo! Mutanen da ba su taɓa ganin Baba ba, kika zauna kika tsiraita shi a gabansu. Ni da nake ƙaninki ba ki faɗa min ba!"

"Na faɗa maka! A filin coci na tare ka na ce Baba ba daidai yake ba, ka ce in daina neman abin da babu!"

"Don babu ɗin ne! Wa ba ya mantuwa? Ni ma jiya na bar wayata a gidan kwastoma."

"Waya ka bari, Lyle. Shi wuta ya bari a kan layi. Da Duane bai gwada da na'ura kafin ya sa hannu ba, da tuni mun kai shi maƙabarta. Fita ka tambaye shi, ga shi can a waje!"

"Kuskure ɗaya a aikin shekara da shekaru!"

"Ranar da ya bar mota a kantin kayan gini ya dawo gida da ƙafa yana cewa an sace ta fa? Ita ma ɗaya ce?"

Lyle ya kau da kai.

Baba ya ce, "To me ya hana ki zo ki same ni? Ni ne fa. Ba baƙo ba ne. Ki zo ki ce, Baba, ka tsufa, ka sauka. In yi miki faɗa, ki yi min, mu ci kifi. Amma ki zaunar da ni ba tare da na gane ba? Kamar tsohon kare?"

Hawayen da take riƙewa suka zubo.

"Sau nawa na ce mu je asibiti? Ka ce in ina jin ciwo in je ni kaɗai. Tsoro nake ji, Baba. Kullum ka ɗauki jakar aiki ka fita sai cikina ya ɗuri ruwa. Ban san wa zan faɗa wa ba. Wallahi ba don in ƙwace maka komai na faɗa ba."

"Amma lasisin ya zauna a shago."

Ta sunkuyar da kai.

Can ta goge fuskarta da hannun riga, ta juyo wajen Trent. Tuni ya daina murmushi, ya koma shirya hulunan da suke a shirye.

"Kai ka kunna masa."

"Jolene, ina ganin wannan maganar iyali ce, ni bari in..."

"Babu inda za ka. Wa ya ba ka muryata?"

"Ya ce wani ne a ƙungiyar taku," in ji Lyle. "Wai wani ne ya ji tausayin Baba, ya naɗa a ɓoye ya turo masa."

"Wane ne? Mutumin Duluth ne? Ko matar nan ta Iowa? Faɗa min sunansa!"

Trent ya sosa wuya. "To... ba haka na ce daidai ba."

"Haka ka ce," in ji Lyle. "A kicin ɗin Baba, kana shan kofi."

"Abin da nake nufi shi ne, babu wanda ya ci amanar kowa. Komai a kan ƙa'ida aka yi. Duk zaman ƙungiyar ana naɗarsa, don inganta horo. Ke ma kin amince ranar da kika shiga, akwai wurin da kika danna."

"Ana naɗa don Gail. Kai me ya haɗa ka da kayan Gail?"

Ya dube ta, ya dubi ƙofa.

"Ai ƙungiyar Gail tamu ce."

Shagon ya yi tsit, har ana jin injin motarta da ta bari a kunne a waje.

"Me ka ce?"

"Uwar kamfaninmu ta saye ta tun bara. Ba wani sirri ba ne, ba a dai cika tallata shi ba. Wasu masu kamfanin sun fi son su fara da horo, in sun nuna sai mu..."

"In sun nuna," ta ce. "Kamar tumatir."

"Ba haka nake nufi ba."

Ta zaro waya, ta danna lambar Gail, ta buɗe murya kowa ya ji. Bugu biyu aka ɗauka.

"Jolene, 'yar gari! Kin faɗa musu? Yaya Baba ya ji?"

"Gail, tambaya ɗaya zan yi miki. Ƙungiyarki ta Copper Finch ce?"

"Wa ya faɗa miki haka?"

"Trent Aldridge. Ga shi a gabana. Ga babana ma, sanye da rigarsu."

Aka ji numfashin Gail ya sauka a hankali. "Saurare ni, Jolene. Ni horo nake bayarwa, kuma duk abin da na koya miki gaskiya ne. Abin da ofis ke yi da bidiyon ba a hannuna yake ba."

"Ke kika ce min in buɗe cikina. Kika ce nan gida ne."

"Ki bari mu yi magana ranar Talata, in kin huce..."

Ta katse.

Ta tsaya tana kallon wayar kamar yau ta fara ganinta. Duk jerin tambayoyin da Gail ke yi mata suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Su waye manyan kwastomominku? Wa ke riƙe da lasisi? Ƙaninki ya fi jin maganar wa? Ita kuwa tana amsawa da zuciya ɗaya, har godiya take yi.

"Ya Ubangiji," in ji Lyle. Fuskarsa ta yi fari fat. "Trent, ranar da ka fara kirana ka ce ka ji ina fama da jarrabawa, za ku biya min kwas. A ina ka ji?"



"A bakina," in ji Jolene. "Ni na faɗa wa Gail."

Lyle ya zauna a kan kwandon waya daɓas.

Ta taka har gaban Trent. Ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba, amma shi ya ja baya.

"Ka ji da kunnenka ina kuka ina cewa mutumin nan yana mantuwa. Ka ji. Sai ka ɗauki maganar ka kai masa gida, ka ƙona masa zuciya, ka miƙa masa biro?"

"Mista Hruska ya tabbatar mana lafiyarsa ƙalau. Lyle ma shaida ne. Ni ba likita ba ne."

"Kai ba mutum ba ne ma."

"Ya isa!"

Baba ne ya daki benci, hulunan suka zube ƙasa. Ya miƙe tsaye, ƙirji a gaba.

"Kun ishe ni! Kuna magana a kaina kamar ba na wurin. Ƙalau nake! Babu wanda ya yaudare ni, da idona biyu na sa hannu. Ni ne mai mantuwa? Rabin garin nan ni na ja masa waya! Cocinmu ni na yi, ina kan tsani limamin yana riƙe min fitila. Masana'antar cuku ta bakin hanya ni na yi, cikin ƙanƙara, yatsuna ba sa lanƙwasuwa. Ku kai ni kowane gida a layin tafki ku ɗaure min ido, in nuna muku inda akwatin wutarsa yake! Gidan Tollefson yana bayan matakala. Gidan Zastrow yana ƙasa, kusa da tukunyar ɗumama gida. Gidan likitan haƙori yana..."

Ya tsaya, yatsansa a sama.

"Yana..."



A hankali hannun ya sauko. Ya dubi benci, ya dubi hulunan da ke ƙasa, ya dubi rigar jikinsa ya shafa ta. Duk fushin nan ya zame daga fuskarsa kamar an share da tsumma.

"Baba?" Jolene ta ce a hankali.

Ya juyo gare ta. Sai ya yi murmushi, wani lallausan murmushi da rabonta da ganinsa har ta manta.

"Bernie," ya ce. "Yaushe kika shigo?"



Bernadette sunan mahaifiyarsu ne. Tun Lyle na makarantar sakandare suka binne ta.

"Kin ɗauko yaran kuwa? Yi sauri, kin san Jo ba ta son a bar ta tana jira cikin sanyi."

"Baba," Lyle ya taso. "Baba, daina wasan nan. Jo ce fa. Ga ta nan, Jo ce."

Baba ya juya ya ƙare masa kallo tun daga takalmi har kai. Sannan ya matso kusa da Jolene, ya rage murya don kada baƙon ya ji.

"Bernie, wannan saurayin fa? Aiki ya zo nema?"